Tambaya da Amsa: Yaya za mu yi yara su ga namun daji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk hutun makaranta ni da maigidana mukan fita da yara bayan gari, amma ban da awaki da tsuntsaye ba ma ganin komai. Namun dajin ne suka ƙare, ko mu ne ba mu iya nema ba? Daga wata uwa a Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sun ragu ƙwarai, amma da sauransu. Matsalar yawanci lokacin fita ce. Wanda ya isa daji da hantsi ya makara, don zomo da dila da yanyawa duk sun shige inuwa ko rami. Ku bar gida da an sallame asuba, ko kuma ku je bayan la'asar. Kurege kuwa ba ruwansa da rana.

Idan kun sauka daga mota, a ɗebi ƙasa kaɗan a saki, a ga inda iska ta nufa. Ku yi tafiya iskar na bugun fuskarku. In tana bayanku, ƙanshin turare da girki ya riga ku isa. Yara su bi layi a bayan babba, ba gudu, ba ihu, kowa da takalmi rufaffe.

Mu a ganinmu, koya musu karanta sawu ya fi komai, domin yaro ba ya komawa gida hannu rabbana ko da dabbar ba ta fito ba. Ku duba laka a bakin tabki ko yashin ƙorama kafin garke ya tattake. Sawun dila kamar na ƙaramin kare yake, yatsu huɗu da alamar farce a gabansu. Na muzurun daji a kewaye yake, babu farce, saboda yana janye shi in yana tafiya. Kashin zomo ƙanana ne mulmulallu, in aka fasa sai a ga ciyawa zalla. Rami mai sabuwar ƙasa a baki akwai mai shi, wanda gizo-gizo ya yi wa saƙa kuwa an daɗe da barinsa. Kada yaro ya zura hannu ko a wanne, kububuwa da kunama na fakewa a ciki.

Raƙumin dawa kuwa ana ganinsa a Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Dosso. A 1996 guda 49 kacal suka rage, kariya ce ta sa suka kai ɗaruruwa. Da damina suna kan tudu kusa da Kure, da rani sukan gangara kwarin Dallol Bosso su ci ganyen gawo, itacen da ke tohowa lokacin da sauran suka kaɗe. An kai mummunan hari a yankin a watan Agusta na 2020, saboda haka kada ku kama hanya sai jami'an gandun daji sun ce a je, kuma da ɗan jagora. Inda ya ce a tsaya, a tsaya, musamman kusa da uwa mai ɗa.

Dorina a kogin Kwara daga nesa ake kallonta. Kada ku shiga tsakaninta da ruwa.

Dabbar daji da ta nufo mutane da rana tsaka ba ta jin tsoro, ku nisance ta, wataƙila ciwon haukan kare ne. In ta ciji yaro ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar.