Wai me ya sa Amurkawa ke son 'yan talabijin ɗin Birtaniya haka?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. Kullum in na kunna tashoshin waje sai in ga shirin na Amurka ne amma alƙalin gasar Baturen Ingila ne, kamar Simon Cowell da mai girkin nan mai masifa. Wai su ba su da nasu ne? Kuma ba cewa aka yi sun yi yaƙi da juna ba?
Wata ɗaliba daga Samaru, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Mai masifar nan Gordon Ramsay sunansa, tun 2005 yake daka wa masu girki tsawa a Hell's Kitchen, shi kuma Cowell a 2002 ya fara alƙalanci a American Idol. Yaƙi kam an yi, Amurka ta ɓalle a 1776, amma ai wannan ya zama labarin kakanni. A 1964 da mawaƙan Beatles na Birtaniya suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka, mutum wajen miliyan 73 ne suka zauna kallo.

Nasu suna da su birjik. Abin da ke jan su shi ne harshe, yaren ɗaya ne amma lafazin daban, kuma a kunnen Ba'amurke duk mai Turancin Landan kamar wani farfesa yake ko da shirme yake zubawa.

Ni dai a ganina babban dalilin wasan taubasai ne. Kin ga yadda Bakano zai tsaya tsakiyar kasuwar Sabon Gari ya zazzage wa Bazazzagi magana son ransa a yi ta dariya har a siya mai lemo, amma in maƙocinki na Tudun Wada ya faɗi rabinta sai an kai ga mai unguwa, to haka abin yake. Cowell zai dubi yaro ya ce mai ba ka iya waƙa ba, je ka nemi wata sana'a, jama'a su yi ta tafi. Da Ba'amurke ne ya faɗa da tuni an ce ba shi da tarbiyya. John Oliver ma, wani ɗan Birtaniya mai barkwanci, tun 2014 yake zolayar 'yan siyasarsu a tashar HBO kuma suna ta ba shi kambu.

Amma fa kar ki ɗauka ko'ina ake taɓawa. Piers Morgan, ɗan jaridar Birtaniya, ya gaji gurbin mai gabatar da shiri Larry King a CNN a 2011, da ya matsa musu kan maganar mallakar bindiga sai ga mutum sama da dubu 100 sun sa hannu a takardar neman a kore shi daga ƙasar, nan take aka tuna mai cewa shi baƙo ne. Ba a kore shi ba dai, amma masu kallo suka yi ta raguwa, a 2014 aka rufe shirin.