Maƙaloli huɗu a shekara biyar: shin na gaza a binciken rana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina bincike a kan iskar rana (ƙwayoyin da rana ke fesowa) da filasmar sararin samaniya (iska mai ɗauke da cajin lantarki), yau shekara biyar da gama digirina na uku. Maƙalolina huɗu ne kacal, uku daga ciki kuma sunana yana tsakiyar jerin mutum goma sha wani abu. Kwamitin ƙarin girma ya ce irin waɗannan ba su da maki sosai. Abokin aikina da muka fara tare yana da sama da talatin. Yanzu wani ya turo mini saƙo, wai in biya kuɗi a sa sunana a maƙaloli shida da aka riga aka karɓa, a kuma shigar da ni rukunin masu ambaton maƙalolin juna. Wallahi abin ya hana ni barci. In karɓa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Kada ka karɓa, ƙanena, kuma kada ka ƙara amsa masa.

Zancen jerin sunaye ba zai ɗauke mu lokaci ba. A fanninmu hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kumbon Solar Orbiter da Turai da Amurka suka harba a 2020 na'urori goma yake ɗauke da su, kowace da tawagarta. Wanda zai bi aman rana, wato curin filasmar da take watsowa, tun daga fitowarsa har ya iso duniya yana buƙatar mai hoton korona, wato iska mai zafi da ke kewaye da rana, da mai awon maganaɗisu, da mai lissafin kwamfuta. Sunanka a tsakiyarsu alama ce an yarda da hannunka. Kwamitin da ke raba maki da yawan marubuta, kamar ana rabon gado, bai san yadda ake wannan aiki ba.

Abin da ya dame ni a wasiƙarka shi ne talatin ɗin nan da kake auna kanka da ita. Kusan kullum sai na ci karo da wannan tunani, cewa yawan maƙala shi ne tasiri, kuma na gaji da ganin yadda yake lalata matasa masu basira. Ka san tarihin Eugene Parker, masanin da ya yi hasashen iskar rana, amma ka sake dubansa da idon mai neman ƙarin girma. A 1958 ya rubuta maƙala ɗaya cewa korona ba ta zaune wuri guda, tana kwarara waje da gudun da ya wuce na sauti. Masu tantancewa biyu suka ƙi ta. Edita Chandrasekhar ya duba lissafin da kansa, bai ga kuskure ba, ya buga. Sai a 1962 awon kumbon Mariner 2, wanda Marcia Neugebauer da Conway Snyder suka tantance, ya tabbatar da maganar. Da an kai Parker gaban kwamitin ƙirge a 1959, maki nawa za a ba shi? Bayan shekara sittin, a 2018, aka harba kumbo da sunansa yana raye. Haka Hannes Alfvén: gajeriyar wasiƙa ce ya buga a mujallar Nature a 1942, ita ta haifi ilimin igiyoyin maganaɗisu na cikin filasma da ni da kai muke nema a bayananmu kowace safiya, lambar Nobel kuwa sai a 1970.

Ma'aunin h da ake ta bugun ƙirji da shi, mai haɗa yawan maƙalolin mutum da yawan ambatonsu, Jorge Hirsch ne ya kawo shi a 2005, kuma ba ya bambanta wanda aka ambata don an gina aiki a kansa da wanda abokansa suka ambata don ramuwar biki. Fanninmu ƙarami ne idan aka kwatanta da likitanci, masu ambaton ba su da yawa tun farko. Rana kuma ba ta sauri don wani. Zagayen hawa da saukar ƙarfinta shekara goma sha ɗaya ne, wanda ke nazarin sauyinsa dole ya jira. To ta ina mutum ɗaya zai fitar da sahihan sakamako talatin a shekara biyar? Ban san abokinka ba, ba kuma zan zarge shi ba. Amma na san yadda ake yanka bincike ɗaya gida biyar, na san mujallun da ke karɓar maƙala cikin kwana uku muddin kuɗi ya shiga.

Masu sayar da suna kuwa, raina yana ɓaci idan na tuna su, domin ba takarda kawai suke ɓatawa ba. Lissafinmu yana shiga hannun masu hasashen yanayin sararin samaniya. A ranar 13 ga Maris 1989 guguwar maganaɗisu da aman rana ya haddasa ta kashe wutar lardin Kubek na Kanada, mutane miliyan shida suka yi kusan awa tara a duhu. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin ɗan'adam na Starlink 49, guguwar da ba ta ma yi tsanani ba ta kumbura saman iskar duniya, kusan 40 suka faɗo. Wanda ya cusa alƙaluman ƙarya a wannan fanni ya zuba ƙasa a rijiyar da kowa ke sha. Sannan ka sani bayanan kumbunan nazarin rana na SOHO da SDO da Parker a buɗe suke. Ɗalibi a ko'ina zai iya sauke awon ranar da maƙalar ta ambata ya gwada. Ranar da aka janye maƙalar, dillalin ya daɗe da ɓacewa, sunanka ne zai rage a sanarwar. Kuma mu 'yan kaɗan ne, a taruka ɗaya muke haɗuwa. Ka ji tsoron Allah a kan sunan da ka yi shekaru kana ginawa.

Ga abin da za ka kai wa kwamiti. A ƙarƙashin kowace maƙala rubuta layi uku: me ka yi da hannunka, wane hoto ko lissafi ne naka. Ka nemi jagoran kowace tawaga ya rubuta wasiƙar shaida. Ka shiga ADS, rumbun maƙalolin ilimin taurari na NASA, ka karanta waɗanda suka ambace ka, ka ware waɗanda suka yi amfani da hanyarka ko bayananka. Idan ka rubuta manhaja ko ka tace bayanan da wasu ke aiki da su, saka su a ciki. Ka haɗa da sanarwar DORA da aka tsara a San Faransisko a 2012, wadda ta nemi a auna abin da bincike ya ƙunsa maimakon ma'aunin mujallar da ya fito.

Giɓin da nake gani a takardunka ɗaya ne: kana buƙatar maƙalar da kai ne a gaba. Guguwar maganaɗisu ta Mayun 2024, mafi ƙarfi tun 2003, ta bar bayanai masu tarin yawa. Zaɓi tambaya ɗaya ƙarama a cikinta, ka rubuta wa biyu daga abokan tawagarka a wannan makon, ka ce wannan karon kai za ka ja.