Mijina Bai Dawo Ba, Bakina Kuma Ya Kasa Addu'a

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Danko-Wasagu, amma yanzu ni da 'ya'yana huɗu muna raɓe a ɗaki guda a gidan yayana a Zuru. Bara da damina 'yan bindiga suka ɗauke maigidana yana huɗar dawa a gona. Suka kira suka yanka kuɗin fansa. Muka sayar da shanun huɗa, muka share rumbu, ikilisiya ta haɗa mana abin da ta iya, aka kai musu har da babur ɗin da suka ƙara nema. Tun daga ranar layin bai sake shiga ba. Ba shi, ba gawarsa.

Mutumin nan dattijon ikilisiya ne, Mama, bai taɓa fashin sujada ba. Da farko na yi azumi, na yi kwanan addu'a. Yanzu in na durƙusa sai bakina ya yi nauyi, abin da kawai ke zuwa mini shi ne, "Ya Allah, ina kake ranar nan?" Wata a Zumuntar Mata ta ce in binciki gidana, wai irin wannan ba ya sauka haka kawai sai da zunubi. Wani mai kiran kansa annabi kuma ya ce in kawo kuɗi zai nuna mini inda yake. Ga babban ɗana ya dage sai ya shiga 'yan sa kai ya rama. Shin na faɗi daga bangaskiya ne? Yaya zan dogara ga Allahn da na kira bai amsa ba?

Uwar 'ya'ya huɗu, Zuru

'Yata, sannu. Sannu ƙwarai. Ubangiji ya riƙe ki da yaran nan.

Ba ki faɗi ba. Wanda ya rabu da Allah ba ya tambayarsa inda yake. Tambayar da kike jin kunyarta tana cikin Littafi Mai Tsarki, kuma bayin Allah ne suka yi ta. A Zabura 13 Dawuda ya tambayi Ubangiji har sau huɗu sai yaushe. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu ko ayar murna ɗaya a ƙarshenta, duk da haka aka bar ta cikin littafin waƙoƙin sujada. Ubangijinmu da kansa a kan gicciye ya ɗauki farkon Zabura 22 ya tambayi Uba dalilin da ya yashe shi. Don haka idan kika durƙusa tambayar nan kaɗai ta fito, ki faɗe ta, addu'a ce. Ranar da ko ita ta ƙi fita, ki buɗe Zabura ki karanta a hankali, ko ki sa ɗaya daga cikin yaran ya karanta miki. Romawa sura 8 ta ce Ruhu Mai Tsarki yana roƙo dominmu sa'ad da ba mu san abin da za mu roƙa ba.

Maganar 'yar'uwar nan ta Zumunta kuwa ta ɓata mini rai. Irinta abokan Ayuba suka yi. Kwana bakwai suka zauna da shi shiru, abin ya yi kyau, da suka buɗe baki sai suka shiga laluben laifinsa. A sura 42 ta littafin Ayuba su Allah ya tsauta wa, ya kuma sa Ayuba, mai yawan ƙorafin nan, ya yi musu addu'a. Almajirai ma sun tambayi Yesu a Yohanna 9 ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Ki duba ƙasarmu mana. 'Yan matan Jangebe a Zamfara da aka kwashe a watan Fabrairun 2021, da ɗaliban Birnin Yauri a watan Yunin shekarar, wane zunubi suka yi? Musulmi da Kirista wuta ɗaya ke cinsu. Laifin yana wuyan masu riƙe da bindiga, da kuma waɗanda aka ɗora wa tsaron jama'a suka yi sakaci. Kada ki ɗauki kayan da ba naki ba.

Ba zan ce miki maigidanki yana raye ba, ba kuma zan ce ki fara takaba ba. Wasu daga cikin 'yan matan Yauri sai a 2023 suka dawo gida, saboda haka ƙofa ba ta rufu ba. Amma begen Kirista bai rataya ga yadda labarin nan zai ƙare ba. Annabi Habakkuk ya lissafa asarar manomi tsaf, ɓaure bai yi toho ba, gona ba ta ba da abinci ba, garke babu ko dabba, sa'an nan ya ce zai yi farin ciki da Allah Mai Cetonsa. Ba daɗi yake ji ba a lokacin, jingina ya yi da Wanda ya sani. Namu begen ya tsaya a kan kabarin Yesu da aka tarar babu kowa ciki. In mijinki yana daji, Yesu yana can tare da shi. In ya riga mu, yana hannun da ɗan bindiga ba zai iya ƙwace shi ba, kuma waɗanda suka yi wannan aiki za su amsa a gaban shari'ar Allah.

Mai kiran kansa annabin nan kuwa, kada ki ba shi ko sisi. Baiwar Allah ba ta sayarwa, haka Bitrus ya faɗa wa Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni sura 8. Maimakon haka ku tafi da yayanki ku tabbata sunan maigidan yana rubuce a wurin 'yan sanda da wurin hakiminku, ku kuma kai rahoto ga Red Cross, suna da sashen neman waɗanda suka ɓace. Duk wanda kuka ji an sako daga dajin nan, a je a gaishe shi a tambaya.

Ki kuma kula da jikinki. Da Annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, mala'ika bai yi masa wa'azi ba, abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya yi barci. In barci ya ƙaurace miki, ko abinci ya ƙi shiga, ko tunanin kashe kai ya fara zuwa, ki ga likita nan da nan. Ki samu mace ɗaya mai riƙon amana, ko matar fasto ce, wadda za ki yi kuka a gabanta ba ta yi miki gyara ba.

Saura yaron. Kada ki tare shi da faɗa, ciwonki ne yake cinsa shi ma, ya rasa inda zai sauke. Tsaron gari daban, ramuwa daban, kuma wanda ya shiga daji da zafin zuciya shi ake fara rasawa. Ki sa kawunsa da fasto su zaunar da shi, ke kuma ki faɗa masa da bakinki cewa ba za ki iya jiran mutum biyu ba. A nema masa sana'a ko hayar gona kusa da gari kafin ruwa ya sauka.

Ki sake rubuto mini bayan kun yi zaman nan, ina so in ji abin da ya ce.

Mama