Karatun jami'a bayan ritaya: ta ina ake shiga, kuma me zai ci?

Tambaya: Na yi ritaya daga aikin gwamnati ina da shekara 60, ina zaune a unguwar Nima a Akra. Ɗana da ke Amurka ya ce a can akwai jihohin da tsofaffi ke shiga ajin jami'a kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. Fanshona na SSNIT, hukumar fansho ta Gana, bai taka kara ya karya ba. Ina za a samu irin wannan a Akra?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Abin da ɗanka ya faɗa gaskiya ne, amma kada ka je Legon, inda Jami'ar Gana take, da tsammanin furfura za ta rage maka kuɗin makaranta, domin a nan Gana kuɗin yana bin irin karatun da mutum ya zaɓa ne. Saboda haka sai ka fara yanke shawara: digiri kake nema, ko ilimin kawai?

Idan digiri ne, akwai ƙofar da aka buɗe wa manya. Wanda ya kai shekara 25 zai iya neman shiga ko da takardarsa ta sakandare ba ta cika sharuɗɗa ba, muddin ya ci jarrabawar shiga. A Jami'ar Gana akan yi kwas na share fage kafin jarrabawar, inda ake bitar Turanci da lissafi da ilimin mantiƙi, kuma lissafin ne ya fi ba dattawa wahala, musamman wanda ya shekara arba'in rabonsa da shi. Bayan haka sai karatu daga nesa, inda ake haɗuwa da malamai a ƙarshen mako. Jami'o'in Cape Coast da Winneba da KNUST ta Kumasi duk suna da irin wannan tsari, da cibiyoyi a Akra. Sai dai shekara huɗu ana biya kowace shekara nauyi ne babba ga mai fansho, kuma a ganina bai cancanci a ci masa bashi ba, sai in akwai aikin da takardar za ta buɗe.

Idan kuwa ilimin ne, lamarin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Tun kafuwarta a 1948, Jami'ar Gana take da sashen kai karatu ga manya a wajen harabarta, wanda yau ya zama makarantar ci gaba da karatu da karatu daga nesa. Wannan makaranta ce ke shirya taron Makarantar Sabuwar Shekara a watan Janairu, na 'yan kwanaki, inda ma'aikata da sarakuna da 'yan ƙungiyoyi ke sauraron lacca su yi muhawara. Akwai kuma gajerun kwasa-kwasai da ake biya sau ɗaya a gama, ga laccocin jama'a a Legon waɗanda ba a karɓar ko sisi a ƙofa.

Wajen lissafin kuɗi, ka haɗa da abin da ba ya cikin takardar biya: kuɗin trotro, wato motar haya, daga Nima zuwa Legon da dawowa, datar intanet, da kwamfuta, tunda yanzu rajista da miƙa aikin gida duk ta intanet ake yi. Jika mai haƙuri zai koya maka wannan kafin a buɗe makaranta. Kuma in wata makaranta mai zaman kanta ta yi maka tayin digiri da araha, ka duba sunanta da na kwas ɗin a jerin hukumar GTEC, mai kula da manyan makarantu a Gana, kafin ka biya kuɗin fom.