Amsa ga ƙaninmu kan bashin gida na banki

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri muryar nan za ta ɗan yi tsawo, na fara rubutawa na ga yatsa ba zai iya ba. Amsa ce ga ƙaninmu da ya yi tambaya jiya bayan isha, ya ce ya ga gida mai ɗaki biyu a Facebook wajen Oyibi, dala 60,000, mai gidan da yake haya a unguwar Madina, nan Accra ta ƙasar Gana, kuma ya matsa masa sai ya kawo adbans, wato kuɗin haya na shekara biyu tun kafin lokaci, shi ne yake cewa shin ba gara ya je banki ya ci bashi ya sayi nasa ya huta ba, albashinsa sidi 5,000 bayan an cire komai, shekararsa 38. Toh ƙanina, na ji ka, kuma wallahi na san zafin abin, na yi shekara goma sha ɗaya ina haya a Nima, ɗaki da falo, banɗaki ɗaya mu da iyali shida.

Kakanmu da ya taso daga Kano ya kan ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Gidan da ka gani a waya hange ne, bari mu auna tafiyar. Kuma duk kuɗin da zan faɗa sabon sidi ne fa, don na san akwai dattawanmu a nan da har yau da tsohon kuɗi suke lissafi tun canjin 2007, kada wani ya ji 5,000 ya rikice.

Ka ga banki ba gidan yake fara dubawa ba, kai yake dubawa. Takardar albashinka, shekarunka, da bashin da ke wuyanka. Yawancinsu ba sa yarda abin da za ka riƙa biya a wata ya wuce wajen kashi 40 cikin ɗari na abin da ke shiga hannunka, wato a 5,000 ɗinka sidi 2,000 ke nan, kuma in kana da wani bashi da ake cira, na babur ko na waya ko wanda ka ci lokacin aure, a cikin 2,000 ɗin nan za a zare shi. Sannan suna so ka gama biya kafin ka kai 60, shekarar ritaya, toh kai a nan da sauƙi, kana da sauran 22, amma wanda ya kai 50 shekara goma kawai ta rage masa, kuɗin da za a ba shi sai ya ƙara tsukewa.

Yanzu ɗauko kalkuleta mu yi tare. Mu ce kuɗin ruwa kashi 25 a shekara, kada ka ce na cika baki, a 2023 ruwan da Babban Bankin Gana da kansa ya tsayar ya kai kashi 30, bankunan kasuwa kuwa sama da haka suke ba mutane. An samu sauƙi daga baya, shi ya sa ranar da ka je ka tambayi na ranar. Amma mu ɗauki 25 ɗin, shekara 15, kana biyan 2,000 duk wata. Ka san nawa za su ba ka? Wajen sidi 94,000. Shi ke nan. Kuma kafin ka gama ka zuba musu 360,000. Ko da a ce ka dace ka samu irin shirin gwamnati mai rangwame, ruwa ya sauko kashi 12, shekara 20, abin da 2,000 ɗin za ta jawo maka bai wuce 180,000 da 'yan kai ba.

Toh koma kan gidan. Mu sa dala a sidi 12 don lissafi ya yi sauƙi, dala 60,000 ta zama 720,000. Banki ba ya biyan duka, da ruwan ciki ake jan na rijiya, yawanci sai ka ajiye kashi 20 daga aljihunka, wato 144,000, su ba da sauran 576,000. Biyan wannan a wata, a wancan ruwa na 25, ya haura sidi 12,000. Albashinka duka sau biyu da ɗori. Wanda zai ɗauki wannan kaya sai mai karɓar sama da 30,000 a wata. Ban ma sa kuɗin lauya ba, da na mai kimanta gida, da inshora, da harajin hatimi na takardu, waɗannan duk daga gefe suke fitowa kuma a farko ake biyansu.

Na san abin da wani zai ce, ai akwai bashin dala, ruwansa bai kai na sidi ba. Gaskiya ne bai kai ba. Amma don Allah ƙanina, in ba dala ake biyanka ba kada ka taɓa shi. Akwai wani abokin aikina, mutumin kirki, ya ɗauki irin wannan, dala 500 duk wata. A farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, yana biyan 3,000 hankali kwance, kafin Nuwamba ta wannan shekarar dala ta kusa 15, biyan ya haura 7,000, albashi kuwa yana nan inda yake, ga tsadar kaya da ta kai kashi 54 a Disamba. Na gan shi da idona a ofis bayan azahar, ya baje takardu a kan tebur yana ta danna kalkuleta, ya goge ya sake, kamar in ya sake lambar za ta canza, shayin da aka kawo masa har ya yi sanyi bai taɓa ba. Motarsa ya sayar, ya cire yara biyu daga makarantar kuɗi. Gidan ya tsira, amma ya ji jiki. Kuma ka sani gidan jingina ne a hannun banki har ranar da ka biya kobon ƙarshe, in ka gaza doka ta ba su dama su sayar.

Maganar riba kuma, na ga Malam yana cikin gurup ɗin nan, wannan fagensa ne, ka same shi ku zauna kafin ka sa hannu a kowace takarda. Ni lissafi na kawo.

Kada ka ga kamar kai ne ka gaza. Ƙasar ce take da ƙarancin gidaje, gwamnati da bakinta ta ce giɓin ya kai wajen miliyan 1.8, kuma masu gina estet ɗin nan ba don mai albashin 5,000 suke ginawa ba, 'yan'uwanmu na Amurka da Ingila da Jamus suke hange, shi ya sa farashin ma da dala suke faɗa. Ga Saglemi can hanyar Aflao, an ciwo bashin dala miliyan 200 da niyyar gida 5,000, abin da aka tayar wajen 1,500 ne, suka yi shekara da shekaru babu kowa a ciki sai ciyawa. Duk lokacin da na wuce wurin raina yana ɓaci, in na tuna yadda muke kwana a cunkushe a zango.

Toh mene ne mafita? Zan faɗa maka yadda na yi, ba don ita kaɗai ce hanya ba. Fili na saya bayan Kasoa, garin da sunansa ma daga kasuwa ya fito, na yi ta gini a hankali shekara tara. Wata in sayi siminti buhu goma, wata in buga bulo ɗari biyu in jera, in na ɗauki susu, wato adashi, in sayi rodi, shekarar da aka haifi 'yar autata ko bulo ɗaya ban ɗora ba. Da muka kai linta sai na rufa ɗaki ɗaya da falo kawai, muka tare babu filasta, babu silin, uwargida ta rataya zani a taga, ruwa a jarka muke saye. Amma daren farko da na rufe ƙofar nan na san ba wanda zai ƙwanƙwasa ya ce wa'adi ya cika, barcin da na yi ban taɓa irinsa ba.

Sai dai fili ma yana da nasa ramin, kuma na faɗa ciki. Filina na farko wani dangi ne suka sayar mini, ashe sun sayar wa wani kafin ni, na je da magini za mu ja igiya sai ga samari da adduna wai langad, wato 'yan daban da ake ɗauka su tsare fili, kuɗina har yau rabi na samu. Don haka kafin ka ba kowa ko sisi, karɓi taswirar filin ka kai Hukumar Filaye a yi maka bincike a rubuce, ka ɗauki safiyo naka na kanka ba na mai sayarwa ba, lauya ya karanta indenca, wato takardar yarjejeniyar filin, ka tambayi maƙwabta wa suka sani da wurin. Dokar filaye ta 2020 ta haramta aikin langad, amma gara ka kauce wa rigimar tun farko da ka yi ta zaryar kotu. Ka duba shekarun da aka rubuta kuma, don filin sarauta haya ce ta dogon lokaci, yawanci shekara 99 ga ɗan ƙasa. Ka je wurin da damina, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka tsaya da ƙafarka ka ga ko ruwa yana cin wurin, mutanen ƙasan Weija sun san abin da nake nufi duk lokacin da aka buɗe dam. Araha ba ta ado. Sannan ka lissafa kuɗin torotoro, wato motar haya, da awannin da za ka ci a hanya, ni kafin asuba nake fita, a Kaneshie nake sallah sau da yawa.

Abu ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba, kuma kai ya shafe ka tunda ma'aikaci ne, dokar fansho ta 2008 ta yarda ka jingina kuɗinka na Tiya 2 da Tiya 3, wato mataki na biyu da na uku na ajiyar fansho, don samun bashin gidan da za ka zauna a ciki, ba na SSNIT ba fa, hukumar fansho ta ƙasa mai riƙe da mataki na farko, wancan ba a taɓa shi. Ka nemi masu riƙe muku kuɗin su ba ka takarda ka ga nawa ya taru, zai iya rage maka nauyin kafin alƙalami. 'Yan kasuwarmu kuma, Hajiyoyin kasuwar Makola da masu shago a Nima, ku riƙa bi da cinikinku ta banki, don ranar da kuka je neman bashi takardar shige da ficen kuɗi za a tambaya, ba za a duba cikar shago ba.

Batun mai gidanka, dokar haya ta 1963 ta ce adbans kada ya wuce wata shida, duk mun san ba a bi, kuma in ka ɗaga murya gobe ya ba wani ɗakin. Ka je masa da lalama, ka ɗauki dattijo ɗaya, ka roƙi shekara ɗaya. In ya ƙi akwai ofishin kula da haya, akwai kuma shirin tallafin haya da gwamnati ta buɗe a 2023, su biya mai gida dunƙule kai kana biyansu wata-wata, ka bincika ko ka cancanta. Abin da ya rage a hannunka shi ne farkon kuɗin fili, ka buɗe masa asusu daban wanda ba ya haɗe da momo, wato asusun kuɗi na waya, don in yana waya biki ɗaya zai cinye shi.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo Madina gaisuwar rasuwa, ka same ni bayan la'asar a bakin babban masallaci, ka zo da takardar albashinka ta wata uku da ta Tiya 2 ɗin in ka samu, mu zauna mu buga lissafin naka na gaske. Ka gaida amarya da yara. Sai da safe jama'a, wassalamu alaikum.