Furotin a Ganyen Latas: Amsoshin Tambayoyin Manoma

Tambaya: Na ji ana cewa kusan kashi ɗaya bisa huɗu na latas furotin ne. In haka ne, zan iya tallata shi a matsayin abinci mai gina jiki?

Amsa: A'a, Malam, kada ka yi wa masu saye wannan alkawari. Lissafin da ka ji na busasshen ganye ne, bayan an ƙafe ruwansa ƙaf a ɗakin gwaji. Ɗanyen latas kuwa kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne. A giram 100 na ɗanyen ganye, furotin bai wuce giram 1.4 ba, nau'in da ke dunƙulewa kamar kabeji ma giram 0.9 ne kacal. Baligi mai nauyin kilo 60 yana buƙatar kimanin giram 48 a rana, ka ga sai ya cinye latas wajen kilo 4 kafin ya cika. Ƙwai guda yana ba da giram 6.

Amfanin latas yana ga bitamin A da K da folet, wanda masu juna biyu ke buƙata sosai, ga ƙarancin kalori, 14 zuwa 17 a giram 100. A nan ne zaɓen iri yake da tasiri. Romen, mai dogayen ganye kore shar, yana da bitamin K ninki huɗu na mai dunƙulewa, folet ma haka, bitamin A kuwa ya haura ninki goma. Ko a kai ɗaya, ganyen waje da ke shan rana ya fi fatsi-fatsin na ciki amfani, amma shi ake yawan fizgewa a zubar don kaya ya yi kyan gani. A cire wanda ya lalace kawai. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya tuntuɓi likita kafin ya ƙara yawan latas ɗin da yake ci, saboda bitamin K.

Tambaya: To in na ƙara takin yuriya, furotin ɗin zai ƙaru?

Amsa: A takardar gwaji zai iya ƙaruwa, domin nitirojin, sinadarin da yuriya ke bai wa shuka, ake aunawa a ninka shi da 6.25 a kira shi furotin. Amma in taki ya yi yawa, shukar ba ta iya sarrafa shi duka, sai ragowar ya taru a ganye a matsayin naitiret, wato nitirojin da bai zama furotin ba, musamman a jijiyar tsakiya. Abin ya fi tsanani a inuwa ko lokacin hazo, tunda da hasken rana shuka ke mayar da naitiret furotin.

Akwai kuma hasarar da ido ke gani. Ganyen da ya yi saurin girma yakan yi laushi, ɗarɓa ta same shi, ya yi saurin ruɓewa bayan yanka. Buɗe tsakiyar kan ka duba: in bakin ƙananan ganye ya yi ruwan ƙasa kamar an babbaka, kalsiyam ne bai isa wurin ba, saboda girma ya fi ƙarfin ruwan da ke ɗauko shi daga saiwa. Sau da yawa ƙasar tana da kalsiyam ɗin, ban-ruwa ne ba ya tafiya daidai. Saiwar latas ba ta nisa, don haka ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a cika kwami yau a bar shi ya bushe gobe.

Shawarata ita ce a zuba ruɓaɓɓen takin gargajiya kafin dashe, ban da ɗanyen kashin dabbobi, domin ɗanye ake cin ganyen. A raba takin zamani kashi biyu ko uku, a dakata kamar mako biyu kafin yanka. A bar tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin shuke-shuke don rana ta ratsa.

Tambaya: Latas ɗina ya yi ɗaci kuma ya fara tsawo. Ya rasa amfaninsa?

Amsa: Zafi ne. Latas ya fi jin daɗin digiri 15 zuwa 20. In ya doshi 30 sai ya fitar da kara zai yi fure, farin ƙaron jikinsa ya ƙaru, shi ne ɗacin. Ba guba ba ne, amma kasuwa ba ta so. Da ka ga tsakiya ta fara tsini, yanke.

Tambaya: Yaya zan adana shi bayan yanka?

Amsa: Yanka da sassafe, kai shi inuwa nan take, kada a danne shi a buhu. Bitamin C da folet suna raguwa da zarar ganye ya fara yaushi. In akwai wurin sanyi, digiri 0 zuwa 2 ya fi dacewa, ba tare da ya daskare ba. Kuma a raba shi da nunannen tumatir da ayaba da tuffa, domin iskar etilin da suke fitarwa tana sa jijiyar ganyen ta yi ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa.