Katin Rigakafin Ɗana Ya Ɓace a Hanyar Gudu, Sai an Sake Allurar Daga Farko?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mu mutanen Mai Wurno ne ta jihar Sinnar a Sudan, yaƙi ya koro mu Gadarif a 2024, muna zaune a cunkoso, katin rigakafin ɗana kuma can gida muka baro shi. Zuwa biyu na kai shi allura yana jariri, yanzu ya kusa shekara biyu. Maƙwabciyata ta ce ba kati ba allura, kuma 'yan gari ake fara dubawa. Ina kuma da jaririya 'yar wata huɗu. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya mayar da ku gida lafiya. Ki goya yarinya, ki riƙo hannun yaron, ku tafi cibiyar lafiya mafi kusa a cikin makon nan. Kati takarda ce ta tunatarwa, idan ta ɓace sabuwa ake rubutawa. Rigakafin yara kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma ba a ware shi don 'yan gari ba. A jihar nan ta Gadarif, yaran Habasha da ke sansanin Um Rakuba tun 2020 ana yi musu, balle ɗan ƙasa da ya taso daga jihar Sinnar.

Ba a sake allura daga farko. Jiki ba ya manta wadda aka yi masa ko da an shekara, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. A tsarin Sudan, jariri na karɓar allurar tarin fuka da ɗigon shan-inna bayan haihuwa, sai allurar nan mai haɗa cututtuka biyar a mako na 6, na 10 da na 14, sai ta ƙyanda a wata 9 da wata 18. Ma'aikaciya za ta duba hannunsa ko akwai ɗan tabon allurar tarin fuka, ta tambaye ki a cinya aka yi ko a hannu, an ɗiga masa wani abu a baki ko a'a. Ki faɗi abin da kika tuna kawai, kada ki ƙara don jin kunya. Wadda ake shakka a kanta za a yi masa, maimaita ta ba ya cutarwa. Kada kuma ki tsorata idan an yi masa biyu ko uku rana guda. Tazarar da ake kiyayewa ita ce mako 4 tsakanin zagaye da zagaye na allura iri ɗaya.

Abin da ya fi damuna a labarinki ƙyanda ce, domin da alama ko ɗaya bai samu ba. Mai ƙyanda guda na iya harbin mutum 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da kariya, ga shi kuna zaune a cunkoso. Alƙaluman hukumar lafiya ta duniya WHO da asusun yara na UNICEF sun nuna yaran Sudan da ke samun zagayen farko na allurar jarirai sun faɗo daga kashi 94 cikin 100 a 2022 zuwa kashi 48 a 2024. Da can ɗanki na iya fakewa a bayan rigakafin 'ya'yan maƙwabta, yanzu su ma da yawa ba su da shi. Kuma mura ko ɗan zawo ko rama ba sa hana allura. Ramammen yaro ma shi ya fi buƙata, shi ƙyanda ta fi kayarwa.

Ki roƙi a auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. Idan ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, za a sa shi a shirin da ake ba da kunun gyaɗar nan na leda kyauta. Magani ne, nasa ne shi kaɗai, ba na rabawa yayye ba, ko da na san wuyar hana yaro yana kallo. Ki kuma tuna musu da bitamin A.

Ita jaririyar ta zo a sa'a. A Nuwamba 2024 aka fara allurar zazzaɓin cizon sauro a Sudan, da jihohin Gadarif da Blue Nile aka fara, ana kuma soma ta daga wata 5, zagaye huɗu. Ki tambaya ko cibiyarku na yi. Tana rage zazzaɓi mai tsanani, amma gidan sauro na nan daram.

Maganar maƙwabciyarki ba daga sama ta faɗo ba. Layi na da tsawo, ma'aikata sun yi kaɗan, wani lokaci wutar firji ta ɗauke ko allura ta ƙare, wanda kuma bai san kowa ba shi ake fara cewa ya dawo gobe. Wannan gazawa ce, ba doka ba. Idan an mayar da ke, ki tambayi takamaiman ranar da ake buɗe kwalbar ƙyanda, domin wasu cibiyoyi ranaku suke ware mata, tunda kwalbar da aka haɗa ba ta wuce awa 6. Idan an sake mayar da ke, ki nemi shugaban cibiyar, ko ku haɗu ku mata biyar ko shida ku je tare. Sabon katin kuwa, ki ɗauki hotonsa a waya, ki tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye.